Wannan kashi 90 da ka gani a shafin makaranta, tsaya mu duba shi

Ƙanena, na ga saƙonka tun jiya, marasa lafiya ne suka riƙe ni. Kana tambaya wai makarantarku ta rubuta kashi 90 cikin ɗari na ɗalibanta suna cin jarabawar lasisin kairofiraktik, wato aikin gyaran ƙashin baya da gaɓoɓi da hannu, to shin ka kwantar da hankalinka kenan, kuma ta ina za ka fara shiri tunda kashi na ɗaya cikin sassa huɗu na jarabawar ya matso. To bari in fara da lambar, don ita ce ke ruɗa ɗalibai.

Ka san dai a nan Amurka hukumar NBCE ce ke shirya jarabawar, tana garin Greeley a jihar Kolorado, tun 1963 take wannan aiki. Amma lambar da ka gani ba ita kaɗai ba ce a duniya. Hukumar CCE mai tantance makarantun ita ta wajabta musu su wallafa sakamako, kuma abin da ake ƙirgawa shine waɗanda suka GAMA makaranta, nawa ne cikinsu suka haye dukkan sassan jarabawar cikin wata 6 bayan kammalawa, ana haɗa shekara 4 a fitar da matsakaici, kuma ana son kada ya gaza kashi 80. Kaga kenan wanda ya faɗi kashi na ɗaya sau biyu ya ci a na uku yana ciki a matsayin wanda ya ci. Wanda kuwa ya gaji ya bar makarantar a shekara ta biyu babu shi a lissafin kwata-kwata. Misali kawai nake baka, a ce ku 100 kuka shiga aji, 70 suka kai ƙarshe, 63 suka haye, makaranta za ta rubuta kashi 90 kuma ba ƙarya ta yi ba, amma ina sauran 30 ɗin? Don haka ka je ofishin makarantar ka tambaye su abu biyu, nawa ne ke ci a zaman farko, sannan nawa ne ke kammala karatun cikin waɗanda suka fara. In suka fara kame-kame to ka samu amsa.

Sai maganar maki. Makin cin jarabawa 375 ne, ma'aunin kuma daga 125 yake zuwa 800. Ba kaso ba ne dan Allah, kar ka zauna kana raba 375 da 800 kana cewa ai ko rabi ban samu ba na wuce. Ana daidaita makin ne saboda takardar wannan zama za ta iya fin ta wancan zaman tsauri, shi yasa ba wanda zai ce maka ga adadin tambayoyin da za ka ci ka tsira.

Shi kashi na ɗaya kimiyya ce zalla, tsarin jiki gaba ɗaya, tsarin ƙashin baya, yadda gaɓoɓi ke aiki, kemistiri, ilimin cututtuka da na ƙwayoyin cuta. Inda yara ke faɗuwa shine su ƙanƙame ƙashin baya don shi suke so, su watsar da kemistiri da ƙwayoyin cuta har sai saura sati biyu. Wanda ka fi tsana shi za ka fara da shi da asuba kanka na sanyi. Kuma ka daina karatun maimaita littafi kana shafa masa kala, ka rufe shi ka amsa tambayoyi da agogo a gabanka, duk wadda ka faɗi ka rubuta DALILIN da ka faɗi, rashin sani ne ko gaggawa ce ko baka karanta tambayar har ƙarshe ba. Wannan littafin kurakuran naka yafi duk wani kwas na kuɗi da za a tallata maka.

Kashi na biyu ya shiga gano cuta da karanta hoton eksire, na uku kuma labarin mara lafiya za a baka a ce me za ka yi. A nan nake so ka gane wani abu, su masu jarabawar ba gwanintar hannunka ce ta dame su ba, so suke su tabbatar ba za ka cutar da mutum ba. Mutum ya zo da ciwon baya amma fitsari ya ƙi fita ko yana zuba bai sani ba, tsakanin cinyoyinsa ya mutu baya ji, wannan ba na gadon aikinka ba ne, asibiti ne yanzu-yanzu don jijiyoyin ƙarshen laka ne suka matsu. Dattijo mai tarihin ciwon daji, ciwo na tashinsa cikin dare, yana ramewa ba dalili, kar ka taɓa shi sai an bincika. Mai ciwon wuya da jiri da ganin abu biyu-biyu da harshe na karyewa, wallahi ka janye hannunka. Sau da yawa amsar da ake nema ita ce tura shi gaba, su kuma ɗalibai hannunsu na ƙaiƙayi sai su zaɓi gyara.

Na huɗu a tsaye ake yinsa, ɗaki-ɗaki, da mutanen da aka horar su yi kamar marasa lafiya, lokaci kuma a ƙayyade. Wannan baya karantuwa a littafi, ka samu abokin aji ku riƙa yi wa juna, kana yi kana faɗa da baki, ka gaisa, ka nemi izini kafin ka taɓa jiki. Ka riƙa zuwa wajena ranar Asabar kana kallon yadda nake ɗaukar bayani.

Sannan cin NBCE ba shine lasisi ba, jiha ce ke bada lasisi, wasu suna ƙara jarabawar dokokinsu wasu kuma suna neman ta fisiyo, wato jinya ta hanyar motsa jiki, sai ka duba hukumar jihar da za ka zauna tun yanzu. In kuma gida Najeriya kake tunanin komawa kamar yadda ka taɓa faɗa min, hukumar MRTB mai kula da masu aikin farfaɗo da lafiyar jiki ce ke rajista, ka adana duk takardunka na asali. Turo min sakamakon gwajin da ka yi na ƙarshe in ga inda ya fi rauni kafin Asabar ɗin.