Hukuncin yarda da maganar mabiya Buddha kan yabon kai da kushe mutane

Tambaya: Malam, ina karatu a China. Wani abokin karatuna mabiyin Buddha ya ce addininsu ya hana mutum ya yabi kansa ya kushe wasu. Maganar ta burge ni. Shin laifi ne in yarda da ita?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗana, babu laifi. Abin da ya faɗa maka shi ne na 7 cikin manyan alkawura 10 da mabiya ɓangaren Mahayana suke ɗauka a China da Koriya da Japan. Gaskiya ba ta zama ƙarya don ta fito daga bakin wanda ba Musulmi ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya gaskata wani baitin waƙa na mawaƙin Larabawa Labidu, alhali Labidu ya yi shi ne tun kafin ya musulunta.

Sai dai wannan hani kana da shi a gida. Allah ya ce a Suratun Najmi, aya ta 32: "Kada ku tsarkake kawunanku, Shi ne mafi sanin wanda ya yi taƙawa." Wata sahabiya sunanta Barra, wato mai nagarta, Annabi ya mayar da ita Zainab saboda wannan. A Hujurati, aya ta 11 da 12, an hana izgili da giba. Shi kuma girman kai, Annabi ya fassara shi da ƙin gaskiya da raina mutane. Abin da ke min ciwo, mu masu wa'azi mun fi kowa faɗawa ciki: mutum ya hau Facebook da sunan raddi, rabin magana "ni na karanta kaza", sauran kuma "wane jahili ne".

Hanin yana da togaciya. Annabi Yusuf ya ce wa sarki shi mai tsarewa ne, masani, don a ba shi riƙon taskoki, saboda haka mai neman aiki ya faɗi abin da ya iya, ba ƙari. Haka idan an zo maka binciken aure, faɗin aibi nasiha ce, kamar yadda Annabi ya gaya wa Faɗima bint Ƙais halin masu nemanta.

Abin da bai halatta ba shi ne ka ɗauki alkawarin irin yadda suke ɗauka, a ɗakin bautarsu, gaban mutum-mutumin Buddha, domin wannan ibada ce. Ka kiyaye harshenka don bin umarnin Allah, abokinka kuma ka kyautata masa, ka karanta masa ayoyin nan idan yana so. Wallahu a'alam.