Jita mai lamba MX18: Player ce ko Standard, kuma ƙarin da aka yi mata gaskiya ne?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na samu wani yana sayar da jitar lantarki ta hannu, Fender Stratocaster ƙirar Meziko. Ya ce samfurin Player ce ta 2018, kuma ya yi mata ƙari: ya sa fikof (na'urar maganaɗisu mai ɗaukar sautin tsirkiya) na Seymour Duncan SSL-5 a kusa da gada, ya kuma canza kunnuwan ɗaure tsirkiya zuwa masu kulle. Saboda wannan ya ɗora kuɗi sama da yadda ake sayar da irinta. Lambar siriyal ɗinta ta fara da MX18. Shin lambar ta isa hujja? Kuma ta yaya zan gane ƙarin nan na gaske ne kafin in biya?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Lambar ba ta isa ba, kuma ka faɗo a kan shekarar da ta fi kowace rikitarwa a jitocin Fender na Meziko.

Abin da lambar ta faɗa maka kaɗan ne. Daga 2010 Fender ta koma rubuta MX a kan jitocin da take ƙerawa a masana'antarta ta Ensenada, sai lambobi biyu na shekara. Kafin nan MN ake gani a shekarun 1990, MZ kuma a shekarun 2000. Don haka MX18 na nuna 2018, ko daf da ita. Matsalar ita ce a tsakiyar 2018 ɗin ne kamfanin ya daina samfurin Standard ya fito da Player a madadinsa. Duka biyun akwai masu ɗauke da MX18. Mai sayarwa zai iya riƙe Standard a hannu yana ce mata Player, ba don mugunta ba, don shi ma haka aka ce masa.

Rabe su ba ya ɗaukar minti biyu, ko a hoto ne. Fara ƙirga firet, wato siraran ƙarafan nan da ke gitta wuya. Standard na da 21, Player na da 22. Sannan ka dubi gada, inda tsirkiyoyi ke hawa a gangar jiki. A Standard za ka ga sukurori shida a jere a gaban farantin gadar, a Player kuwa ginshiƙai biyu ne kawai, ɗaya a kowane gefe. Idan ka ga firet 22 da ginshiƙai biyu, magana ta fara daidaita. Idan ka ga firet 22 amma sukurori shida, ko akasin haka, to ka tsaya, domin ko dai wuya da jiki ba tare suka fito daga masana'anta ba, ko kuma wani samfuri ne daban.

Nan ne ainihin abin da nake so ka riƙe. Lambar siriyal a kan jitar take, kan kuwa haɗe yake da wuya, wuyan kuma sukurori huɗu ne kacal ke riƙe shi a jiki. Duk mai sukundireba zai iya raba su kafin ka gama gaisawa da shi. Ke nan lambar shaidar wuya ce kaɗai, ba ta san komai a kan jikin da aka ɗaura mata ba. An taɓa kawo mini wata Stratocaster a duba, lamba lafiya lau, tambarin kamfani na gaske, mai ita yana ta alfahari. Da na ɗaga ta sai na ji ba nauyi yadda na saba. Na sa ma'auni a kaurin jikin, sai ga milimita 40, alhali jikin Stratocaster na Fender kan kai 44 zuwa 45. Jikin Squier ne, wato ƙaramin layin Fender mai araha, aka ɗaura wa wuyan Fender. Jitar tana da daɗin kaɗawa, ban ƙi ba, amma kuɗin da ya biya na wata jitar ne daban.

Saboda haka ka nemi shaidu fiye da ɗaya, ka ga ko bakinsu ya zo ɗaya. Ka shigar da lambar a shafin binciken siriyal na Fender a intanet. Idan ta fito, za ta ba ka sunan samfuri da launi. Launin nan ka kula da shi sosai: in an ce baƙa ce aka ƙera, ga shi kana kallon ja, to ko an sake fenti ko an sake jiki. Idan kuma lambar ba ta fito ba, kada ka yanke hukunci a kan wannan kaɗai, rumbun bayanan nasu ba cikakke ba ne. Haka nan fitowarta ba ta wanke jitar, tunda masu jabu ma lambar gaske suke kwafa su manna.

Shaida ta gaba tana buƙatar izinin mai kaya. A sassauta tsirkiyoyi, a kwance sukurori huɗun nan, a dubi gindin wuya da ramin da yake zama. Sau da yawa akwai hatimin kwanan wata ko takardar masana'anta a manne a wuraren biyu. Ba dole ranakun su zama ɗaya ba, tazarar makonni ko 'yan watanni ba komai ba ce, domin daban ake ƙera wuya da jiki. Tazarar shekaru ce abin tambaya. Ka kuma dubi ramukan sukurorin, ko akwai waɗanda aka toshe aka sake hudawa. Wasu masu sayarwa ba sa yarda a cire wuya, kuma ba na ganin laifinsu, don fentin bakin ramin yana saurin ɓantarewa a hannun wanda bai iya ba. In haka ne, ka ce a je wurin mai gyara ya buɗe a gabanku.

Katakon saman wuya ma yana da abin faɗa. A farkon 2017 yarjejeniyar CITES, mai kare dabbobi da itatuwan da ake gudun ƙarewarsu, ta tsaurara cinikin katakon rozwud tsakanin ƙasashe, sai Fender ta maye gurbinsa da wani katako mai suna pau ferro a jitocin Meziko, wanda ya fi haske, yana ɗan ja-ja. Player ta 2018 ko dai farin katakon mafil ne ko pau ferro. Rozwud bai dawo wa wannan layin ba sai da Player II a 2024.

Yanzu batun fikof, inda kuɗinka yake. SSL-5 daga sama kamarsa ɗaya da fikof ɗin da jitar ta zo da shi, musamman in an mayar masa da tsohon murfin roba. Ido ba zai raba maka ba, kunne ma yana yaudara, balle a amfilifayar da ba ka saba da ita ba. Ka je da mita, irin wadda masu gyaran rediyo ke aiki da ita. Ka sa wayar jita a soket, ka buɗe bolum har ƙarshe, ka tura makunnin zaɓi zuwa fikof na gada, ka ɗora tsinken mita ɗaya a kan bakin filogin, ɗayan a jikinsa. SSL-5 na da kilo-om kusan 13. Ta wannan hanyar za ka ga 12 da ɗoriya, saboda ƙwayar bolum mai kilo-om 250 tana ɗan rage adadin. Fikof ɗin Stratocaster na yau da kullum galibi tsakanin 6 da 8 yake. In mita ta nuna 7, an gama magana, babu SSL-5 a wurin.

In ta nuna 12 da wani abu, ka san dai an canza fikof, amma ba ka san da wanne ba, domin akwai na jabu masu ɗauke da sunan kamfanin. Sai a ɗaga farantin gaba a juya. A ƙarƙashin na gaske akwai takarda ko tambari mai sunan samfurin. Ka dubi dalmar da aka like wayoyin da ita. Aikin wanda ya iya, ɗigo ne ƙarami mai sheƙi. Aikin ɗan koyo kuwa, dunƙule ne mai duhu, ga robar waya a ƙone, wani lokaci har da salatif a naɗe. Wannan ba ya hana saye, amma kuɗin gyara ne ke jiranka, sai a cire shi daga farashi. Tunda farantin na buɗe, ka juya sauran fikof biyun. In ka ga sandar maganaɗisu baƙa a manne a ƙasansu, na siramik ne irin na Standard. Na Player ƙwayoyinsu da kansu maganaɗisu ne na alniko, babu sanda a ƙasa.

Kafin a rufe, ka karanta bayan ƙwayoyin bolum. Yawancinsu na ɗauke da shekara da makon da aka yi su, misali 1812 na nufin mako na 12 a 2018. A tsofaffin jitoci za ka ga lambar kamfani a gaba, 137 na CTS ne, 304 na Stackpole. Wannan kwanan wata yana gaya maka cewa ba a haɗa jitar kafin ranar ba, amma ba ya cewa a ranar aka haɗa ta. Fender ta taɓa sayen ƙwayoyin bolum masu ɗimbin yawa a 1966 ta yi shekaru tana amfani da su, abin da har yau yake rikita masu tara tsofaffin jitoci. A taka jitar, in ka ga 2018 ko ƙarshen 2017, lafiya. In ka ga 2022, an canza su, kuma mai sayarwa bai faɗa maka ba, sai ka tambaye shi me kuma ya manta.

Kunnuwa masu kulle ba su da wahala. Ka juya bayan kai, yawanci za ka ga ƙaramin abin murzawa a kan kowanne, da sunan kamfanin da ya yi su. Na Fender suna zama a ramukan asali ba tare da huda ba. Wasu kamfanonin sai an huda sabbin ramuka, su bar tsofaffin a buɗe ko a ɓoye ƙarƙashi. Ka duba ko tsaga ta fito daga bakin wani rami.

Game da ɗorin kuɗi, ra'ayina ba zai yi wa mai sayarwa daɗi ba. Ƙari ba ya dawo da kuɗinsa a kasuwar jitar hannu. Shi ya zaɓi SSL-5 don kunnensa, kai kuma wataƙila bayan wata uku ka cire shi don ya yi maka kauri. Ni ba na biyan fiye da abin da zan samu in na cire kayan na sayar a matsayin na hannu, kuma shi ma sai na gani da idona. Ka tambaye shi tsohon fikof da tsofaffin kunnuwa. In suna nan ya haɗa maka, ɗan ƙari ya halatta, don za ka iya mayar da jitar yadda ta fito ranar da za ka sayar. In ya ce ya sayar da su, to ya riga ya karɓi wani ɓangare na kuɗinsa a can. Rasit ko kwalin fikof ɗin ma ka nema, mai gaskiya yakan ajiye.

In nesa kuke, ka ce ya turo hoton kan jitar gaba da baya, firet na ƙarshe, gadar, ƙarƙashin farantin gaba, da ɗan bidiyon mita a kan filogi yana juya makunnin zaɓi daga wuri zuwa wuri, lambar siriyal tana fitowa a cikin bidiyon.