Inoue Yuichi, malamin firamare mai rubuta "talauci"

Malam, ka tambaya ko akwai wani gwanin rubutun hannu na Japan da ba a ba shi haƙƙinsa ba. Ni dai Inoue Yuichi zan kawo maka. An haife shi a Tokyo a 1916, ya rasu a 1985. Sama da shekara 40 ya yi yana koyarwa a makarantun gwamnati, sai ya tashi daga aiki yake shimfiɗa takarda a ƙasa, ya ɗauko ƙaton buroshi, ya sunkuya yana jan tawada da dukkan jikinsa. Sau da yawa harafi ɗaya tak yake rubutawa a faffaɗar takarda. Ɗaya daga cikin waɗanda ya fi maimaitawa shi ne "hin", wato talauci.

Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne daren 10 ga Maris 1945, da jiragen Amurka suka yi wa Tokyo ruwan wuta. Yana gadin dare a makarantar Yokokawa, inda jama'a suka fake, mutane kusan 1,000 suka halaka a wurin. Cikin gawarwaki aka tsince shi a sume. Sai a 1978 ya iya rubuta abin da ya gani, haruffan a cunkushe, wasu a kan wasu, kamar mutanen da suka rasa ƙofar fita.

A 1952 shi da su Morita Shiryu, wani gwanin rubutun hannu, suka kafa ƙungiyar masu rubutun hannu mai suna Bokujinkai, an kuma baje aikinsa a birnin Sao Paulo na Brazil a 1957. Amma sai bayan rasuwarsa sunansa ya fara tashi sosai, har matasan masu rubutu a Sin suka riƙa koyi da shi.