Hukuncin Wanda Jirgi Ya Faɗi Da Shi Ya Ci Naman Mamaci Don Ya Rayu

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, na karanta labarin jirgin da ya faɗi a tsaunukan Andes, inda waɗanda suka tsira suka ci naman abokan tafiyarsu da suka mutu. Abin ya tsaya mini a rai. Da Musulmi ne ya samu kansa a wannan hali, me shari'a za ta ce masa?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ɗan'uwa, sai an san halin da mutanen nan suka shiga kafin a yi maganar hukunci. Ranar 13 ga Oktoba 1972 jirgin sojan saman Urugwai, ɗauke da mutum 45, cikinsu har da matasa 'yan ƙwallon zari-ruga, ya nufi Santiyago ta ƙasar Cile. Gajimare ya rufe tsaunuka, matuƙan suka zaci sun ƙetare su, suka fara sauka, jirgin ya daki dutse. Inda ya tsaya tsayinsa ya haura mita 3,500, ba ciyawa ba dabba, sai dusar ƙanƙara. Da kunnensu suka ji a rediyo an daina nemansu. Kamar mako biyu bayan faɗuwar jirgin dusar ta zaftaro musu cikin dare ta kashe mutum 8. Sai da suka yi kwana 72 aka ceto 16, shi ma don biyu daga cikinsu sun yi tafiyar kwana goma a ƙasa har suka gamu da wani makiyayi. Wannan ita ce lalura tsantsarta.

Allah ya halatta wa wanda ya matsu cin mushe da jini da naman alade, a aya ta 173 ta Suratul Baƙara da ta 3 ta Suratul Ma'ida. A nan babu saɓani. Inda malamai suka rabu shi ne gawar ɗan Adam. Mashahurin zance a mazhabarmu ta Malikiyya shi ne hani, ko da mutum zai mutu, kuma mafi yawan Hanbalawa a kan haka suke. Hujjarsu mai ƙarfi ce: Allah ya karrama 'yan Adam, kuma Abu Dawud ya ruwaito daga Nana A'isha cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana da rai. Shafi'awa kuwa sun halatta idan babu wani abin ci, domin alfarmar mai rai ta fi ta mamaci, kuma Ibnu Ƙudama, duk da Bahanbale ne, nan ya karkata.

Ɗalibai da yawa suna tsayawa a kan hanin da Shehu Halil, malamin Malikiyya mai littafin Mukhtasar, ya kawo a babin abinci, su manta da abin da ya faɗa a babin jana'iza. Can, bayan ya ambaci hanin, ya ƙara da cewa akwai waɗanda suka inganta halaccin. Ke nan maganar tana cikin gidanmu. A wannan babin dai ya yarda a tsaga cikin mamaci don a ciro dukiya mai yawa da ya haɗiye. To idan an taɓa gawa saboda kuɗi, yaya za a hana saboda rai?

Abin da na fi natsuwa da shi shi ne halacci, kuma wanda ya aikata ba shi da zunubi. Hadisin karya ƙashi yana hana wulaƙanta gawa ne, shi kuwa wanda yunwa ke shirin kashewa a kan ƙanƙara, yana ci yana hawaye, ba wulaƙanci ya nufa ba. Amma da sharaɗi. Sai ya rinjayar a ransa cewa in bai ci ba mutuwa zai yi, kuma ya rasa komai, domin ko alade ya samu shi zai gabatar. Ya ɗauki gwargwadon abin da zai riƙe ransa, ya suturta abin da ya rage, in hali ya samu a binne. Shafi'awa sun ƙara da cewa kada ya dafa ko ya gasa matuƙar zai ciwu haka nan.

Mai sauran numfashi kuwa haramun ne a taɓa shi. Ba a ƙarasa mai rauni don an ga ba zai tashi ba, ba a jefa ƙuri'a a kan wanda za a yanka, ko da shi ya miƙa wuyansa, domin ransa ba mallakarsa ba ne balle ya bayar. Wanda ya yi haka ya yi kisan kai, yunwa ba ta zama masa uzuri ba.

Wanda zuciyarsa ta kasa, ya ƙi ci har ya cika, ba za a ce ya kashe kansa ba, tunda ya bi zancen manyan malamai. Wanda ya ci ya rayu kuma bai halatta a riƙa goranta masa ko a ƙyamace shi ba. Wallahu a'alamu.