Matata ta ci jarrabawar zama 'yar ƙasar Amurka, amma wata biyar ke nan shiru

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata takwas da zama ɗan ƙasar Amurka. Matata ta samu katin zama na sharaɗi mai wa'adin shekara biyu, muka cike fom I-751 domin a cire sharaɗin, har yau ba a yanke hukunci ba. Da ta cika shekara uku da katin sai ta shigar da fom N-400 na neman zama 'yar ƙasa. Wata biyar da suka wuce aka kira ta ganawa, ta ci jarrabawar Turanci da ta sanin ƙasa, amma jami'in ya ba ta takarda yana neman shaidar mutuwar aurena na farko, da bayanin dalilin da ya sa harafi ɗaya na sunanta ya bambanta tsakanin takardar haihuwa da fasfo. Mun aika abin da muke da shi, tun daga nan ba mu ji komai ba. Ga shi mahaifiyarta ba ta da lafiya, tana so ta je jinya ta ɗan jima. Me ya tsayar da maganar, kuma yaya za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya bai wa surukarka lafiya. Abin da kake gani kamar jinkiri guda ɗaya, a gaskiya matsaloli ne da suka sarƙe da juna, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Na farko shi ne fom I-751 da ke jiran hukunci. Doka ta yarda shekaru biyun da mai ɗakinka ta yi da katin sharaɗi su shiga cikin lissafin shekara ukun da ake nema daga wadda ke auren ɗan ƙasa, don haka ba ta yi kuskure ba da ta shigar da N-400. Sai dai hukumar shige da fice ta USCIS ba ta amincewa da buƙatar zama ɗan ƙasa sai ta fara cire sharaɗin da ke kan katin. Sau da yawa jami'i kan haɗa maganganun biyu a zama ɗaya, ya kira miji da mata ya yi musu tambayoyi a kan zamansu. Idan a ranar ganawar kai a ɗakin jira ka zauna har ta fito ba wanda ya neme ka, to akwai yiwuwar ba a taɓa maganar I-751 ba, wataƙila ma fayil ɗinsa bai iso hannun jami'in ba. Jinkiri a wannan fom ba baƙon abu ba ne, shi ya sa tun watan Janairun 2023 takardar shaidar karɓarsa take tsawaita ingancin katin da ya ƙare har wata 48.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar aurenka na farko, da kuma yadda ka ce kun aika "abin da kuke da shi". Mutane da yawa kan ɗauki wannan buƙata a matsayin neman fitina, su ce ai ba mijin ne ke neman zama ɗan ƙasa ba, me ya kawo tsohon aurensa? Ga abin da ya kawo shi. Katin zaman matarka gaba ɗaya a kan aurenku ya dogara, dokar Amurka kuwa ba ta ɗaukar aure na biyu a matsayin hujjar ba da izinin zama idan na farko bai ƙare ba a ranar da aka ɗaura shi. Dokar shige da fice, a sashe na 318, ta shardanta cewa mai neman zama ɗan ƙasa sai ya zama ta halattacciyar hanya ya samu izinin zamansa na dindindin. Ke nan idan jami'i ya kasa gamsuwa cewa auren farko ya mutu kafin a ɗaura na biyu, abin da zai shiga cikin shakka ya wuce N-400, zai kai ga shi kansa katin, ko da kuwa wani jami'in ya riga ya duba waɗannan takardu shekarun baya ya wuce da su.

Saboda haka ka ɗauko kofin abin da kuka aika, ka ajiye shi kusa da takardar aurenku, ka dubi kwanan wata guda biyu. Na sha ganin takardar da aka karɓo daga kotu shekaru bayan rabuwa, tana ɗauke da ranar da aka buga mata hatimi kawai, ba tare da ta faɗi ranar da auren ya ƙare ba. Mai takardar ya san sun rabu tun da daɗewa, amma jami'in da ke karantawa abin da yake gani shi ne aure na biyu ya riga ranar da ke jikin takardar saki. Idan taku haka take, ka nemi kotun ko hukumar da ta bayar da ita ta fitar da wata wadda ta ambaci ainihin ranar rabuwar a fili. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka tana da jadawali a intanet, ƙasa bayan ƙasa, da ke bayyana irin takardar aure da ta saki da ta haihuwa da ake karɓa da kuma hukumar da ke da ikon bayar da ita, kuma jami'ai na duba shi. Idan takardar asali ba ta samuwa sam, ƙa'ida ta tanadi mataki-mataki: wasiƙa daga hukumar da ya kamata a ce tana da rajistar tana tabbatar da cewa babu, sannan wasu takardu na lokacin da ke nuna faruwar abin, idan su ma babu sai rantsuwar mutum biyu ko fiye waɗanda suka san maganar da kansu kuma ba su da hannu a cikin buƙatar. Tsallake matakin farko a aika rantsuwa kai tsaye yana cikin abubuwan da ke sa a ƙi karɓa. Duk takardar da ba da Turanci aka rubuta ta ba kuma, dole a haɗa ta da cikakkiyar fassara, har abin da ke jikin hatimi, tare da shaidar mai fassarar cewa ya ƙware a harsunan biyu kuma fassarar daidai take.

Bambancin harafi a suna ƙaramar magana ce. Rantsuwa a rubuce cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne, da takardun makaranta ko na aiki da ke goyon bayan haka, galibi sun wadatar. Tana da damar neman a canza mata suna a wajen rantsuwar zama 'yar ƙasa, amma wannan sai a gaban alƙali, kuma yakan ƙara tsawon jira.

Game da shirun nan kuwa, doka ta ba ku makami. Idan kwana 120 suka wuce bayan ganawa ba tare da an yanke hukunci ba, sashe na 1447(b) na kundi na 8 na dokokin Amurka ya ba mai nema damar kai maganar kotun tarayya ta yankin da yake zaune, kotu kuma ta yanke hukunci da kanta ko ta mayar wa hukumar tare da umarni. Wata biyar ya zarce wannan wa'adi. Duk da haka ba zan ba ku shawarar garzayawa kotu ba kafin ku tabbatar takardar sakin ta yi kyau, domin ƙara tana tilasta a yanke hukunci ne kawai, hukuncin kuwa yana iya zama ƙi. Ku fara da neman bayani daga USCIS ta shafinta ko ta waya, ku tambaya musamman inda I-751 yake. Ofishin ɗan majalisar tarayya mai wakiltar mazaɓarku ma yana da ma'aikata masu bin irin wannan batu idan ita ta sa hannu a takardar izini. Kafin kowane mataki na kotu, lauyan shige da fice ya ga fayil ɗin gaba ɗayansa. Idan kuma ƙi ɗin ya zo, akwai fom N-336 na neman a sake sauraro, wa'adinsa kwana 30.

Tafiya jinya ba laifi ba ce, za ta iya fita da fasfonta da katin da ya ƙare da takardar tsawaitawar nan ta asali. Sai dai sharaɗin zama a ƙasar ba tare da yankewa ba yana nan a kanta har ranar rantsuwa. Zama a wajen ƙasar da ya wuce wata shida yana sa a ɗauka ta yanke zamanta sai ta kawo hujjar akasin haka, wanda ya kai shekara guda kuwa yana rushe lissafin. Ni dai da za ta ji tawa, ta tafi na makonni, ta sayi tikitin da ake iya canza masa rana, kai kuma ka riƙa duba akwatin wasiƙa da asusunta na intanet kullum, saboda takardar kiran rantsuwa ko ta neman ƙarin hujja tana iya zuwa da ɗan gajeren wa'adi. Idan kun sauya gida a tsakanin nan, ta sanar da hukumar sabon adireshin cikin kwana 10 kamar yadda doka ta ce, ta kuma tabbatar an sa shi a kan fayil ɗin N-400 da na I-751 duka biyun.