Ku Tambaya Mu Amsa: Yaya zan haɗa littafina a gida ba sai na je wajen masu buga littafi ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah a taimaka min. Na rubuta ƴan gajerun labarai ne wa yarana, shafi 40, inaso in mayar dasu littafi mai bango, na gwada sitefula amma ko sati baiyi ba takardun tsakiya suka fara fita. Kayan da nake dasu allura ne da zare da almakashi da gam da kwali, ko zasu isa?

AMSA: Wa alaikumus salam ƴar uwa. Sun isa har sunyi yawa, gam ɗin ma ki ajiye shi gefe tukuna, ɗinki zakiyi. Shafi 40 takarda 10 kenan in kin ninke kowacce biyu, domin takarda ɗaya shafi 4 take bayarwa. Ki ninke su ɗaya bayan ɗaya kina murza ninkin da bayan cokali ko gefen rula, kar ki haɗa su duka ki ninke lokaci guda, sai ki saka su cikin juna, bangon ya zama na waje. In bugawa zakiyi a firinta toh ki lura da jeri, takardar farko shafi na 40 ne a hagu na 1 a dama, bayanta kuma 2 da 39, duk shafuka biyun da suke kusa da juna in kin tara lambarsu 41 zai baki, in bai baki ba akwai inda ya karkace.

Yanzu ki buɗe tsakiya kiyi huda uku a kan layin ninkin, ɗaya a tsakiya cif, biyu kuma kaman santimita 3 daga sama da ƙasa. Basilla tafi daɗin huda amma babbar allura ma tanayi, ki dai sa tsumma ko kwali a ƙasa. Zare ki yanko tsawon littafin sau uku, mai kauri, ki goga shi a jikin kyandir ko kakin zuma sau biyu uku saboda kar ya riƙa harɗewa kuma ƙullin ya kama. Ki shiga ta hudar tsakiya daga ciki ki fita waje ki bar ɗan jela, ki dawo ciki ta hudar sama, ki tsallake tsakiya ki fita ta hudar ƙasa, sannan ki dawo ciki ta tsakiyar nan dai. Kinga yanzu bakin zaren biyu suna ciki, ki tabbata dogon zaren da ya tsallake yana tsakaninsu, ki ja a hankali ki ƙulle a kansa, shikenan. Zakiga takardun ciki sun ɗan leƙo waje sun wuce ƴan uwansu, haka yake dama, ki ɗora rular ƙarfe ki bi da sabuwar reza a hankali sau da yawa, almakashi bazai baki miƙaƙƙen baki ba.

Kar ki raina wannan aikin wai na yara ne, littattafan da aka tono a Nag Hammadi a ƙasar Masar a 1945, na wajen ƙarni na 4 ne, kuma mafi yawansu haka suke, ninki ɗaya aka ɗaure a cikin bangon fata. Sai dai in labaran sun ƙaru har takardun sun wuce 12 littafin zai ƙi rufuwa, lokacin sai ki raba su kashi-kashi, huɗu ko biyar a kowane ninki, ki ɗinke su da juna.

TAMBAYA: Ni nawa takardu ne warwara guda 60 da na riga na buga, ba na ninkewa bane. Na shafa musu supa gulu a baya, ina buɗewa ya tsage gida biyu. Meye mafita?

AMSA: Malam ai supa gulu in ya bushe ƙanƙarewa yake kaman gilashi, shi kuwa bayan littafi lanƙwasuwa yake so duk buɗewa. Salatif ma kar ka fara, yana daɗewa zai yi ja ya saki. Farin gam na PVA ake nema, irin wanda ko ya bushe yana da ɗan laushi. Ka yanke inda tsohon gam ya ɓata, ka daidaita takardun ka matse su tsakanin katako biyu bayan ya ɗan leƙo, ka lanƙwasa su gefe ɗaya har bakin kowace takarda ya ɗan bayyana ka shafa da buroshi, ka lanƙwasa ɗaya gefen ka sake, sannan ka manna bandeji ko siririn ƙyalle a kai ya kwana ƙarƙashin abu mai nauyi.

Amma ni in nice ɗinkin gefe zanyi, wanda aka fi sani da na Japan duk da daga Sin ya samo asali, huda huɗu a jere kaman santimita ɗaya da rabi daga bakin, zaren yana zagayo bayan a kowace huda da kuma sama da ƙasa. Takarda 60 kaurinsu kusan milimita 6 ne, allura bazata huda ba, siririn ƙusa da guduma zaka sa. Matsalarsa ɗaya, baya buɗuwa ya kwanta, in rubutunka ya matso gefe sosai zai cinye maka farkon layi, ka fara dubawa ko akwai sarari kaman santimita 2 da rabi kafin ka huda.

TAMBAYA: Bangon kwalina kullum sai ya lanƙwashe in na liƙa masa yadi, me nake yi ba daidai ba?

AMSA: Gefe ɗaya kika liƙa, gam ɗin na bushewa yana jan kwalin wajensa. Ki liƙa takarda a ɗaya fuskar ma, ki rage gam, ki sa leda tsakanin bangon da shafukan kar danshi ya shiga, ki danne shi da manyan littattafai sai washegari.