Kawu, ga dalilin da ya sa har yanzu muke gidan haya

Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya. Ka tambaye ni me ya sa matasanmu na Amurka, masu mata da 'ya'ya, suke kama dala amma shekara da shekaru suna haya, alhali tsaransu Turawa sun mallaki gidaje. Wallahi ba almubazzaranci ba ne.

A nan albashi daban, dukiya daban. Binciken babban bankin Amurka na 2022 ya nuna iyalin fararen fata na tsaka-tsaki yana da dukiyar kusan dala 285,000, na baƙaƙe kuwa kusan 45,000. Gida na cikin manyan dalilan wannan tazara. Matashin Bature in zai sayi gida, sau da yawa iyayensa ke ba shi kuɗin kafin alƙalami, su ma sun ci gajiyar gidan da kakansa ya saya da arha bayan yaƙin duniya na biyu. A wancan zamanin an ja wa unguwannin baƙaƙe jan layi a taswira, bankuna suka hana su bashin gida. Sai 1968 doka ta haramta wannan wariya. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji sabon zuwa daga cikinmu yana kiran baƙaƙen ƙasar malalata.

Mu kuma namu daban ne. A unguwar Bronx ta birnin New York, direban tasi in ya biya haya, sai kuɗin makarantar ƙanne, sai maganin Hajiya, sai buhun shinkafar azumi. Ɗan abin da ya saura a zuba adashe, ranar kwasa a sayi fili a Kano, Maraɗi ko Kumasi. Dukiyar tana nan, amma bankin Amurka bai san da zamanta ba. Abin da yake dubawa shi ne tarihin bashinka, mu kuwa an tarbiyyantar da mu a kan gudun bashi. Ga kuma kuɗin ruwa na shekara 30, wanda da yawanmu ba su yarda da shi ba. Akwai kamfanonin taimaka wa sayen gida masu tsarin Musulunci, amma su ma sai ka ajiye kuɗi mai kauri tukuna.

Damuwata 'ya'yan da muka haifa a nan ne, don ba lallai su koma su zauna a gidajen da muke ginawa can ba. Saboda haka bana zan jinkirta kuɗin rufin ginin da nake yi a can gida, in fara tara na kafin alƙalamin sayen gida a nan. Don Allah ka fahimtar da Hajiya.